Kan firintar 3D mai tiyon Teflon, na ƙarfe zalla, ko mai haɗi biyu: wanne ne zai jure bazarar Damagaram?

Wani ɗan kabu-kabu ne ya jefa ni cikin wannan magana. Na buga masa mariƙin waya a firintar 3D da baƙin zaren robar da ake kira PLA, ya ɗaura a kan babur ɗinsa, ba a yi mako biyu ba ya dawo mini da shi a lanƙwashe. Ya ce: "Malam, ajiye babur kawai na yi gefen Kasuwar Dole na shiga sallar azahar, na fito na tarar da shi haka." Gaskiyarsa ce. PLA yana fara yin taushi a wajen digiri 60, baƙar roba kuwa a ranar watan Afrilu ba ta da wuyar kaiwa can. Sai na koma zaren wata robar, PETG, wanda yake riƙe siffarsa har wajen digiri 80, amma shi kuma yana son a narka shi tsakanin 230 da 250, daidai inda tiyon Teflon da ke cikin kan firinta yake fara gajiya. Abin da ya sa na aika Kano aka sayo mini maƙogwaron ƙarfe zalla ke nan, daga nan kuma toshewa ta fara. Na rubuta wannan ne domin wanda yake da firintar 3D a gida ko a shago, irin su Ender 3 da ƴan'uwanta, yana tunanin canja kan narkarwa, ko ya riga ya canja yana fama.

Kan narkarwa gida biyu ne a jiki ɗaya. A ƙasa akwai murhu, wato dunƙulen alminiyon nan da ke ɗauke da sandar zafi, ma'aunin zafi da bakin da roba ke fita. A sama akwai sashen sanyi mai haƙarƙari, wanda ƙaramar fanka ke hurawa ba dare ba rana. Maƙogwaro shi ne siririn bututun da ya haɗa su. Aikinsa shi ne ya bar zare ya wuce, ya hana zafi hawa. Zare mai kaurin milimita 1.75 dole ya iso ƙofar murhu da ƙarfinsa, domin ɓangaren da bai narke ba shi ne yake tura wanda ya narke. Da zarar ya yi taushi tun yana sama, sai ya kumbura, ya cika ramin, ya kama bango. Duk bambancin da ke tsakanin kawunan nan uku a cikin maƙogwaro yake.

A kan da na'urar take zuwa da shi, tiyon Teflon yana sauka ta cikin maƙogwaro har ya dafe da bayan baki. Zare bai taɓa ƙarfe ba sai a cikin bakin kansa. Teflon santsi ne da shi, kuma ba ya ɗaukar zafi da sauri, saboda haka ko PLA ya ɗan yi taushi a hanya yana zamewa ya wuce. Wannan haƙurin shi ne darajarsa, kuma mutane ba sa ganin darajar sai sun cire shi. Za ka iya barin ja-da-bayan zare, wato jan da na'ura ke yi wa zare baya don kada ya ɗiga, a milimita 5 ko 6, fankarka ta ɗan yi ƙura, ɗaki ya yi zafi, ya ci gaba da bugawa. Rauninsa biyu ne. Na farko zafi: masu yin Teflon suna ba shi iyakar 260, amma a cikin kai, inda yake matse da baki sa'o'i da yawa, tun daga wajen 240 bakinsa yake fara ƙanƙancewa, ya yi duhu, ramin ya matse. Idan ya ƙone sosai yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, wanda tsuntsaye ba sa jurewa ko kaɗan; wanda yake kiwon tattabaru kusa da inda firintarsa take ya riƙe wannan da kyau. Na biyu shi ne ƴar tazarar da ke buɗewa tsakanin tiyo da baki idan abin da ke riƙe tiyon daga sama ya saki. Roba tana malala cikin tazarar, ta daskare ta zama zobe, ta shaƙe hanya.

Sai dai duka biyun gyaransu yana hannunka, ba sai ka jira mota daga Kano ba. Ka zare tiyon, ka yanke ƙonannen bakin da reza, yanka na tsaye sak ba karkatacce ba. Ka dumama kai, ka sassauta baki kamar juyi ɗaya, ka tura tiyo har ya tsaya, ka maƙale shi daga sama, sannan ka ɗaure bakin ya matse tiyon. Aikin minti goma ne, kuma mita ɗaya ta tiyo za ta kai ka nesa.

Kan ƙarfe zalla ya cire Teflon daga wurin zafi gaba ɗaya. Tiyo yana tsayawa can sama a sashen sanyi, daga nan zare yana bin bututun ƙarfen da ba ya tsatsa ko na titaniyom har murhu. Wanda ya yi suna a wannan tsari shi ne V6 na kamfanin E3D na Ingila, akwai kuma na Micro Swiss na Amurka da aka yi shi ya hau Ender 3 ba tare da canja mazauni ba. Amfaninsa a fili yake: babu abin da zai ƙone a 250 ko 280, babu tiyon da za a riƙa yankewa, ana iya buga PETG da robar ABS da nailan hankali kwance. An zaɓi waɗannan ƙarafa ne don rowarsu wajen wuce da zafi. Jan ƙarfe yana wuce da zafi kusan ninki 25 na ƙarfen da ba ya tsatsa, titaniyom kuma ya ma fi wannan ƙarfen rowa. To amma PLA mai taushi yana manne wa ƙarfe, kuma duk wani kaushi da ke cikin ramin ƙugiya ce a gare shi. Maƙogwaro mai kyau ana goge cikinsa har ya yi sheƙi. Wanda aka sayo mini, da na ɗaga shi na leƙa ta cikinsa a hasken rana, sai na ga layuka zagaye-zagaye, sawun abin huji, tun daga sama har ƙasa.

A nan ne garinmu ya shigo cikin lissafi, kuma a nan ne nake ganin shawarwarin da ake karantawa a intanet suke ɓatar da mu. Fankar kai ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Wanda ya gwada kansa a ɗaki mai digiri 20 yana da tazarar digiri 40 kafin PLA ya fara taushi. Ni a shago mai rufin kwano a Sabon Gari, da ƙarfe biyu na rana a watan Mayu, iskar da fankata ke sha ta haura 40. Tazarar da ta rage mini ba ta kai 20 ba, zafin da ke hawowa daga murhu kuma yana cin rabonsa a ciki. Kai ɗaya, zare ɗaya, saiti ɗaya, zai buga lafiya a watan Janairu lokacin ɗari, ya toshe a bazara. Na ga wannan da idona kafin in fahimce shi. Aiki yana farawa sumul, layin farko kamar an zana, sai bayan rabin sa'a ko fiye motar tura zare, wato ɗan injin da ke tura shi cikin kai, ta fara ƙas, ƙas, ƙas, tana tsallake haƙori, baki yana yawo a iska ba abin da ke fita. Yaron shagona ne ya fara lura. Ya ce: "Maigida, da asuba ba ta yi, sai rana ta take."

Abin da mutum yake yi da farko idan ya ji wannan ƙarar shi ne ya ƙara wuta, don yana zaton robar ba ta narke ba ne. Idan matsalar hawan zafi ce, ƙarin wuta ƙara mata ƙarfi yake yi. Rage gudu ma haka, domin zaren da ke tafiya a hankali ya fi daɗewa a maƙogwaro yana shan zafi. Kafin ka taɓa komai, ka dumama kai, ka zaro zaren, ka dubi bakinsa, shi zai gaya maka. Idan ya yi kumburi mai tsawo, sama da wurin da ya kamata ya narke, har ya ƙi fitowa ta tiyo sai da ja, hawan zafi ne. Idan ka ga faffaɗan zobe ko ɗan faifai a jikinsa, tazara ce tsakanin baki da abin da ke samansa. Idan da baƙaƙen ɗigo a ciki, ƙonanniyar roba ce ko ƙura. Garin robar da za ka tarar a haƙoran motar turawa kuwa sakamako ne, kada ka tsaya kansa kana zargin mota.

Babban abin da ke toshe sabon kan ƙarfe shi ne tsohon saitin ja-da-baya. Duk lokacin da baki zai tsallaka daga wuri zuwa wuri, na'ura tana jan zare baya don kada ya ɗiga. Milimita 6 a cikin Teflon ba komai ba ne. A cikin ƙarfe kuwa tana jawo narkakken bakin zaren zuwa sashen sanyi, ya daskare a can, ya kama bango. Aiki mai ƙananan sassa da yawa yana iya yin haka sau ɗaruruwa a layi kaɗan. Idan motarka tana gefe tana turawa ta dogon tiyo, ka sauko wajen milimita 3 zuwa 3.5. Idan tana zaune a saman kai, milimita 1 ko ƙasa da haka ya isa. Za ka ga ƴan siraran zare kamar saƙar gizo sun ƙaru a jikin aiki; wannan shi ne farashin, kuma ya fi sauƙi a kan aikin sa'a shida da ya mutu a tsakiya.

Sai ɗauri. A kan ƙarfe, baki dole ya dafe da maƙogwaro a cikin murhu, ƙarfe da ƙarfe, ba da jikin murhun ba. Idan ka gama ɗaurawa ka ga kafaɗar bakin ta kwanta a jikin alminiyo babu ko ƴar tazara, to akwai yiwuwar bai taɓa maƙogwaro ba, roba za ta tsiyayo ta zaren dunƙule ta lulluɓe wayoyi. Ɗaurin ƙarshe da zafi ake yinsa. E3D sun ce a yi wa V6 a digiri 285. Idan na'urarka ba ta kai can, ka yi a iyakar da take kaiwa, ka riƙe murhun da sifana ɗaya kana juya baki da ɗaya, don siririn wuyan maƙogwaro ba ya jure murɗa. Kuma bakin MK8, irin wanda Ender 3 take zuwa da shi, da na V6 zaren dunƙulensu ɗaya ne amma tsawonsu ya bambanta, kada kamannin ya ruɗe ka. Bayan duk wannan tsawon kai ya canja, sai ka sake daidaita tazararsa da farantin da ake buga aiki a kansa, in ba haka ba bakin da ya matse faranti shi ma toshewa yake kawowa tun layin farko.

Maganar digiri nawa za a buga bayan canji, babu lamba ɗaya da zan ba ka, amma akwai abubuwa huɗu da ke motsa ta, kuma ɗaya daga cikinsu yana iya kawo gobara. Na farko ƙarfin lantarki: Ender 3 tana aiki da volt 24, wasu tsofaffin na'urori kamar CR-10 ta farko da 12. Sandar zafi ta volt 12 idan ta hau 24 ƙarfinta yana ninkuwa huɗu, mai watt 40 ta koma 160. Ta 24 a kan 12 kuma tana komawa watt 10, ta kasa kai zafi. Fanka ma haka take. Ka karanta abin da aka rubuta a jikinsu kafin ka haɗa waya, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa. Na biyu ma'aunin zafi. Wanda ke zuwa da V6 na asali ba irin na Ender 3 ba ne. A Marlin, manhajar da ke tafiyar da firinta, na V6 lamba 5 ne, na Ender 3 lamba 1. Dukansu suna nuna daidai idan na'ura tana sanyi, shi ya sa mutum yake zaton komai lafiya, sai an hau 200 allo ya riƙa faɗin abu ɗaya murhu yana kan wani. Ko dai ka gyara manhaja, ko ka mayar da tsohon ma'auninka cikin sabon murhu idan ramin ya karɓe shi. Na uku, sabon murhu yana da nauyinsa da yadda yake riƙe zafi, saboda haka idan ka ga lamba tana lilo sama da ƙasa, ka tura umarnin M303 E0 S210 C8 na'ura ta auna kanta, ka shigar da sakamakon da M301, ka adana da M500. Na huɗu bakin kansa: na tagulla yana isar da zafi ga roba da sauri, na taurararren ƙarfe yana buƙatar ƙarin digiri 5 zuwa 10, wani lokaci fiye. Idan ka kawar da waɗannan, ka buga doguwar hasumiyar gwaji daga 220 zuwa 190 kana sauka biyar-biyar, ka karya kowane hawa da hannu ka ji ƙarfinsa, ka zaɓi mafi ƙarancin zafin da layuka suka kama juna da kyau. A bazara kowane digirin da ka rage riba ce.

Ka kuma sani cewa sabon kai shi kaɗai ba ya kai ka 300. Manhajar da Ender 3 take zuwa da ita ba ta yarda a wuce 260. Wanda ya sayi kan ƙarfe don nailan yana da sauran aiki a gabansa.

Na ukun, maƙogwaro mai haɗi biyu, shi ne wanda nake ganin an yi shi kamar da mu a zuciya. Sama da ƙasa jan ƙarfe ne, tsakiya siririn bututun ƙarfe ko titaniyom mai bango kamar takarda. Siririn wuyan yana barin zafi kaɗan ya hau, jan ƙarfen sama kuma yana kwashe wanda ya hau nan take ya miƙa wa haƙarƙari. Iyakar da ke tsakanin zafi da sanyi ta zama gajera, wurin da zare zai yi taushi ya ragu. Copperhead na kamfanin Slice Engineering yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari, kuma akwai masu girman da ke shiga kan Ender 3 na asali, ka cire tsohon maƙogwaro ka sa wannan, murhu da ma'auni da sandar zafi duk suna nan yadda suke. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ya raba ka da maganar volt da ta manhaja baki ɗaya. Yana son ɗan man isar da zafi, irin wanda ake shafa wa kwakwalwar kwamfuta, a ɓangaren sama kawai inda ya shiga haƙarƙari. Har yanzu ƙarfe ne, sai ka rage ja-da-baya, kuma wuyansa ya fi na kowa saurin lanƙwasa wurin ɗauri. Amma da na sa shi, aikin PLA da ke mutuwa da azahar ya fara kaiwa ƙarshe, muddin ƙofa tana buɗe kuma ban rufe na'urar a akwati ba.

Akwai jarrabawar da ba a rubuta ta a jikin kwali ba, ita ce ɗaukewar wuta. Lokacin da lantarki ya tafi, fanka tana tsayawa nan take, murhu kuwa yana nan da zafinsa na 200, zafin sai ya bi maƙogwaro ya hau ba mai tare shi. A cikin Teflon yawanci idan wuta ta dawo ka dumama, ka ɗan tura zare da hannu, ya wuce. A cikin ƙarfe PLA yana narkewa can sama ya daskare, sau da yawa sai an kwance kai an tura da siririn ƙarfe. Mai haɗi biyu ma bai tsira daga wannan ba, don ba fanka ba inda zafin zai tafi. Idan kana kusa lokacin da ta ɗauke, ka zaro zaren da hannu a cikin daƙiƙun farko. Idan kana da batir na sola ko akwatin da ke riƙe wuta, firinta ta fi cancantarsa a kan komai a shagon. Kai ma kada ka kashe na'ura da hannunka sai allo ya nuna ƙasa da 50.

Ƙurar hunturu kuma ba ta zaɓar kai. Tana kwanciya a fiffiken fanka da tsakanin haƙarƙari, tana hawa zare ta shiga baki mai ramin milimita 0.4. Ɗan busasshen soso da aka maƙala zare yana ratsawa ta cikinsa kafin ya shiga mota, da buroshi a fanka duk mako, sun isa. Da damina PETG yana shan danshi, ka ji yana tas-tas a baki. Wannan ba laifin kai ba ne, a shanya zaren a adana shi cikin rufaffen bokiti.

Idan aikinka PLA ne, kayan ado, samfurin ɗalibai, haruffan allon shago, abin da zai zauna a inuwa, ka bar kaza cikin gashinta. Kuɗin sabon kai ka sayi tiyo mai kyau, bakuna na ajiya da fanka biyu, za su fi yi maka amfani. Idan PETG ne jefi-jefi, kan Teflon yana iya ɗaukarsa a 230 zuwa 235, ka dai riƙa duba bakin tiyo. Idan kuwa kayan rana ne sana'arka, mariƙin waya a babur, maƙalan wayoyin sola, sassan da za su zauna cikin mota, kana buga PETG ko ABS kullum, to cire Teflon ya zama dole, kuma a nan mai haɗi biyu nake ba da shawara kafin cikakken sabon kai. Cikakken kan ƙarfe na asali yana da kyau ga wanda zai wuce 260 kuma ya shirya taɓa manhaja. Wanda ba zan ba kowa shawararsa ba shi ne maƙogwaron ƙarfe mai araha wanda ba ka leƙa cikinsa ba. Idan wani ne zai sayo maka, ka ce ya ɗaga shi a haske ya turo maka hoton ramin.

A shagona yanzu mai haɗi biyu ne a kan na'urar, tsohon maƙogwaron Teflon kuma yana cikin gwangwani tare da yankakken tiyonsa, a shirye. Daga tsakiyar Maris har ruwan farko ya sauka, dogon aikin PLA bayan sallar isha'i nake sa shi, rana kuma ta PETG ce. Ɗan kabu-kabun nan na sake buga masa mariƙinsa da farin PETG, digiri 240, ja-da-baya milimita 3.